Zakaran Araha

Ran kasuwar Achida na gan shi,
ja wur, zankonsa kamar garwashi.
Mai shi ya ce dubu uku, na ce biyu,
ya sallama tun ban rufe baki ba.
Nan ya kamata in tsaya.

Na kawo shi gida a hammata,
na sake shi cikin ɗari da ashirin,
kuɗin adashina na wata tara.

Kwana huɗu, sai shiru.
Wanda bai yi kiwo ba bai san shirun akurki ba.
Dusa na nan yadda na zuba ta,
kashi ya koma kore, ruwa-ruwa,
wata ta murɗe wuya tana duban sama
kamar mai neman jinjirin wata.

Na jiƙa maɗaci, na daka barkono,
Inna Tambai ta ce a ƙara gautan kaji.
Da asuba na kwashe tara.
Da la'asar sha ɗaya.

Modi, malamin dabbobi, ya zo bisa babur,
bai shiga ba sai da ya ɗaura leda a ƙafa.
Ya ce: "Hajo, wagga ba ta da magani.
Ɗigo guda a ido, da kin yi tun suna 'yan tsaki.
Kar ki kai kasuwa,
kar ki jefa bola kare ya ja wa maƙwabta.
Gina rami mai zurfi."

Ni da ɗana muka gina, bayan dogon yaro.
Zakaran yana can ƙasa.
Ko sau ɗaya bai yi mini cara ba.

Sha bakwai suka rage.
Na ƙone buntun, na wanke kasko da mazubi,
na bar ɗakin wata guda yana shan iska.

Yanzu ranakun rigakafi na bango, da gawayi:
na gumboro, na ƙuraje, na wadda ta cinye ni.
Magani in bai zo cikin ƙanƙara ba, ban karɓa.
Buntu in ya jiƙe, kashin jini na tafe, sai in sauya.
Baƙuwar kaza, ko kyauta ce daga gidanmu,
sati biyu bayan ɗaki, ita kaɗai.

Jiya yayana Dikko ya zo ganin kaji.
Na nuna masa daron magani a bakin ƙofa.
Ya ce, har ni?
Na ce, tsoma takalminka.