Bayan Shagon Rabe

Wata uku ina yawo da lambar waya a aljihu,
Mannir ya rubuta mini a bayan kwalin ashana,
har gumi ya cinye rabin tawadar.

Na fara leƙa wani zaure a Ƙofar Ƙaura.
Mai jawabi ya yi ta kwatanta mini wuta.
Ai na san wuta, Malam,
ita nake haɗiya daga kwalba
tun ina ɗan ashirin da biyu.

A asibiti kuwa, mai rubuta sunaye
ƙanin matata ne.
Na ce mura ce ta kawo ni.

Daren Laraba, bayan isha'i,
na bi lungun Ƙofar Marusa
har bayan shagon Rabe tela.
Mutum shida, benci biyu, butar shayi.
Ba wanda ya tambayi sunan ubana.
Tsoho Ɗan'azumi ya ce kwana tara ya yi ba giya,
a na goma ya zame, ga shi ya dawo.
Ba wanda ya yi tsaki.

Hannuna na rawa, shayi ya zube a wandona.
Rabe ya ƙara mini, bai dubi tabon ba.
"Kwana nawa?"
Na ce, "Tun azahar."
Ya ce, "To, a fara ƙirga."