Inda Bango Ya Tsage

A Sheffield, hawa na uku, gadon da ke bakin taga,
Baba Sallau yana juya cokali a hannu.
Ya san inda ake kamawa, ya san hanyar baki,
ya ɗebi miya bai zubar da ko ɗigo ba.
Amma da likita Moira ta ce, mene ne wannan?
sai ya dube ni,
kamar ni na ɓoye masa sunan.

Shekara ashirin da shida yana jan bas a garin nan.
Wata Laraba jini ya ɓalle a kansa,
ya bi ta wani lungu, ya bar wani.

Na ɗauka tunawa randa ce guda,
in ta fashe, ruwa ya tafi gaba ɗaya.
Ashe gida ne mai sassa,
kowane ɗaki da makullinsa,
gobara ta ci rumbun sunaye
ta tsallake na hannu.

Ka ce masa Darnall,
zai jero maka tashoshi har Crookes,
ƙafarsa na neman birki a ƙarƙashin bargo.
Ka ce, wa ya zo ɗazu?
Shiru.
Ni ce na zo ɗazu. Lemun da na ɓare na nan a faranti.

Turancinsa ya zube kamar tsabar kuɗi daga yagaggen aljihu,
Hausar Gumel ta tsaya daram.
Fatiha kuwa ko wasali bai goce ba.

Likita ta ɗaga hoton kansa ga fitila,
ta nuna wani tabo, bai fi ƙwayar gurjiya ba.
Ta ce da irin wannan suke gane tsarin,
abin da ya ɓace shi ke nuna inda yake zaune da.
Na ce a raina, to,
sai bango ya tsage
ake ganin yadda magini ya jera tubali.
Amma bangon ubana ne.

Da magariba ruwa ya sauko kan rufin motoci.
Na ɗauki jaka.
Ya riƙe bakin mayafina, ya ce,
yarinya, ban san sunanki ba,
amma duk sanda kika shigo
ƙirjina yakan sauka.

Ladidi, na ce.
Ya maimaita sau biyu, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishiri.
Gobe zan sake faɗa masa.