Aikin Dare a Kochi

Ƙarfe tara na dare nake gādon kujerar Shibu,
ɗumin jikinsa bai gama barinta ba.
In toshe kunnuwa da waya, in ɗora ƙafa kan mataki
kamar tela a kan kekensa,
sai dai ni magana nake ɗinkawa.

A waje damina na dukan rufin kwano,
jirgin ruwa na tsallakawa Vypin da 'yan kasuwa.
A kunnena kuwa rana ce tsaka,
a wani asibitin Ohio
Likita Brandvold na magana yana tauna.
Shekara huɗu na san taunarsa, na san tarinsa,
na san in ya gaji yakan haɗiye ƙarshen kalma
kamar ƙwayar magani.
Shi ko sunana bai taɓa ji ba.

In na taka ya yi magana, in na ɗaga ya yi shiru.
Ba namijin da ya taɓa yi min biyayya haka.

Akwai wani tsoho, an hana ni faɗin sunansa.
Na san ƙodarsa ta hagu,
na san kumburin sawunsa,
na san matarsa ce ke ƙirga masa magani.
Da za mu haɗu a hanya, wucewa zan yi.

A harshen likita, sha biyar da hamsin tagwaye ne,
wutsiya kaɗai ta raba su.
Daren Talata ya haɗiye wutsiyar.
Sau bakwai ina mayar da shi baya,
har shayina ya huce, ya yi fata.
Ammini ta ari kunnena ɗaya, ta ce hamsin ne.
Zuciyata ta ce ba ta ji ba.
Da layi ake biyanmu, da giɓi ake yanke mu,
duk da haka na bar gurbin fari fat,
na sa masa jar alama, na tura.

Takarda in ta tafi ba ta waiwaye.

Sai bayan mako uku, cikin tauna,
na ji an sallami tsohon, yana dogara sanda,
wai yana tambaya ko zai iya komawa kamun kifi.
Na buga. Na sa aya. Na buɗe na gaba.

Da asuba na tarar da mahaifiyata tana kankare kwakwa.
Ta fara ba ni labarin gwiwarta,
inda take yi mata zafi, da tun yaushe.
Sai na ga yatsuna na motsi a kan cinyata,
ƙafata na laluben ƙasa.
Na janye ta.
Na ce, ci gaba, ina jin ki.