Littafin Bashin Barau

Mu bakwai muka haɗu ran Laraba,
bayan la'asar, a teburin Barau mai shayi,
can gindin gadar Kwangila,
inda tirela ke tari, ƙasa na amsawa.
Magana ɗaya ce: marubuta mu yi ƙungiya.

Ni na kira taron, don ni abin ya fi ci.
Shekara huɗu ina rubuta Zariya:
kwalbatin da ya rufta a unguwarmu,
tsadar tumatir a Ɗan Magaji,
tsohuwa mai rinin zare a Ƙofar Kuyambana.
Mutum dubu tara sun karanta, in ji wayata.
"Allah ya ƙara basira," suka ce.
Na kai basirar gun mai masara,
ya ce mudu bai san ta ba.

Tanimu ya fara: "Ku dubi 'yan acaɓa.
Kowa da lamba, kowa da rasit,
a taɓa ɗaya, ɗari su tsaya.
Mu fa? Mai shagon atamfa ya ba ni tallan dubu biyar,
kafin in wanke ido wani ya karɓe a ɗari bakwai."
Gambo ya nutsar da ido cikin kofi.
Ba wanda ya kira suna.

Lantana ta aje jaka, ta ce,
"Ƙungiya da shugaba take tafiya,
shugaba kuwa da ciki.
Ran da ɗan takara ya kira shi liyafa,
wa zai sake rubuta kwalbati?
Ku bar ni da yunwata,
ita dai ba ta gyara mini jimla."

Istifanus, da ya taso daga Wusasa a keke,
ya ce, "Kakana aska takwas yake ɗinki.
Wata uku kan riga ɗaya,
dillali ya ci riba, shi ya ci ciwon ido.
Da su goma sun haɗa baki kan farashi,
da bai mutu da bashin zare ba.
Tsintsiya ai..."
Muka ce ya bar tsintsiya ta huta,
kowane taro da ita ake shara.

Sai gardama ta ɓalle: wane ne marubuci?
Mai kwashe na wani ya liƙa sunansa, a ba shi kati?
Yarinyar Samaru mai labari kashi-kashi,
da ke karɓar ɗari uku-uku, ta fi mu duka samu,
mu za mu koya mata, ko ita za ta koya mana?
Dije ta ce a sa kuɗin wata.
Aljihu bakwai suka yi tsit.

Magariba ta kawo jiki, ladan na gyaran murya.
Barau ya goge hannu, ya jawo wani littafi
da maiƙo ya cinye wa bango,
ya karanto mu ɗaya bayan ɗaya, ba tuntuɓe:
"Tanimu, shayi sha ɗaya, burodi shida.
Gambo, ƙwai biyu tun azumi.
Malam mai taro, kai naka shafin ya juya."
Na ce a raina, duk faɗin Zazzau
ga marubucin da rubutunsa ke komawa kuɗi,
don kowane layi nasa ya san ƙofar mai biya.

Ba mu zaɓi shugaba ba,
a nan Lantana ta ci.
Amma mun yanke: talla ba ƙasa da dubu uku.
Gambo ma ya ɗaga hannu, daga baya, rabi-rabi.
Muka huda gwangwanin madara,
kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa,
adashi, duk Laraba.
Kwasar farko Barau ya yi.

A ƙafa na koma Tudun Wada,
kuɗin motata na cikin gwangwani.
Ko alƙalami zai riƙe gida, ban sani ba,
Kubanni ma ba kullum take cika ba.
Amma yau an ja jan biro a kan sunana,
gaban jama'a, layi biyu,
kuma tun da nake rubutu
ban taɓa jin daɗin gyara irin wannan ba.