Bayan An Ɗauke Kwano

A kan tudun Valparaiso, gida na uku daga sama,
inda matakala ta fi numfashina tsawo,
karyata Canela ke cin abincinta ƙarfe bakwai.
Cin ba ya kai minti biyu.
Lasar ce ke kai mu har duhu.

Kwanon tukuna, har ya koma madubi,
ta tura shi da hanci, ya bugi ƙafar murhu, ya dawo.
Sai dagin hagu, wanda yawu ya rina gashinsa ja,
sai iska kawai, harshe na fita yana komawa
kamar mai ɗanɗana miyar da ba a dafa ba.
Lak, lak, lak.
Jiragen ruwa na kuka a ƙasa, ita ko a jikinta.

Na hana da lallashi, na hana da tsawa.
Ta ɗago ido ta dube ni, harshen bai tsaya ba.

Baldomero mai gidan burodi ya ce tsutsar ciki ce.
'Yarsa ta ce ƙarancin gishiri.

Ran Talata na sauko da ita, matakala ɗari da tara,
wurin Ximena likitar dabbobi, mai tabarau a goshi.
Ta buɗe bakin, ta haska fitila,
ta danna cikin da yatsu biyu.
Ta ce wani sa'in tashin zuciya ne,
wani sa'in ƙwannafi ko haƙori,
wani sa'in kuma damuwa ce da ba ta da bakin faɗa.
Ta sami haƙori guda can ciki ya tsage.
Aka cire. Kuɗin gyaran rufi suka tafi.

Dagin ya warke, gashi ya dawo fari.
Ta daina lasar iska.

Amma akwai tayil ɗaya
tsakanin wurin wanke-wanke da taga.
Nan Eulalia ke tsayawa tana gyaran kifi,
tana gardama da rediyo,
hannunta na sauka ba tare da ta waiwaya ba,
Canela na lashe man kifin daga yatsu.
Wata goma sha huɗu ke nan
da maza shida suka sauko da ita ta matakalar nan,
suna hutawa a kowace kwana.
Na wanke wurin da sabulu, da ruwan zafi, da lemon tsami.
Babu komai a kai. Ni na sani.
Canela ta gama ci, ta je, ta kwanta, ta fara.
Yanzu ya fi sauran haske.

Ban koma wurin Ximena ba.
In je in ce me?

Jiya jikata Ignacia ta zo cin abincin dare.
Na kwashe faranti, ina ba ta labari,
ina cewa dabba ce, ba ta san abu ya ƙare ba.
Ta yi shiru tana kallon hannuna.
Ta ce, Kaka, teburin nan ai ya fita tun ɗazu.
Na duba. Tsumma ne a hannuna,
ina ta goge gefen da ba wanda ya zauna,
wuri ɗaya, zagaye, zagaye.

A ƙasa, lak, lak, lak.
Na ajiye tsumman, na raka ta bakin ƙofa.
Da na dawo na sake ɗauka.