Ƙofa Biyu

Ran Talata Bitrus ya zo da jakarsa,
ya zauna kan kujerata a shagon maganinmu na Wunti,
Alhaji Gidado na tsaye a kansa, hannu a baya.
"Bar masa biyu kawai,
ta lissafin kaya da ta buga rasit.
Sauran ka toshe."

Ko shayin da na sayo bai huce ba aka gama.

Da na shiga da sunana
sai allon ya yi fayau, kamar gona bayan girbi.
Ba shafin labarai, ba kartar bayan azahar,
ba inda nake ɓoye baitocina.
Na danna gurbin da suke a da,
na'ura ta ce in nemi izinin maigida.
Ashe har ita ta san maigida.

Ban ce ba ni da laifi ba.
Akwai ranar da wata tsohuwa ta tsaya
tana jiran maganin hawan jini,
ni kuwa idona na kan ƙwallo, ana bugun fenareti.
Alhaji ya gani daga bakin ƙofa, bai tanka ba.
Shirun nan ne ya kira Bitrus.

Mako biyu ina kiwo iya tsawon igiyata:
farasitamol kwali goma, sirinji ɗari,
canjin da ya rage, jimillar yini.

Sai wata la'asar ruwa ya tsare kowa a rumfa,
na lura da ɗan fili a ƙasan rasit,
"ƙarin bayani", layi biyu, ba mai cika shi.
Na rubuta:
Ruwa na dukan kwanon kasuwa,
mai tari, Allah ya kai ka gida a bushe.
Takarda ta fito da ɗuminta.
Mutumin ya karanta sau biyu,
ya ninke ta, ya soke a cikin hula.

Yanzu Malam Sallau tela ba ya fita
sai ya duba ƙasan takardarsa,
ko da man zafi na ɗari biyu ya saya.

Jiya Alhaji ya tattara kwafin rasit na wata,
ya daɗe a kan guda, leɓensa na motsi.
Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau,
ya ce jimilla ta yi daidai.

Lambar Bitrus na nan cikin wayarsa.
Har muka rufe shago bai kira ba.