Layin Lantana

Ranar Talata aka sa, bayan la'asar,
a gindin tsamiyar makarantarmu.
Hedimasta ya ce kujera ɗaya ta rage a kwamiti,
ba akwati, ba dangwale,
wanda kake so ka tsaya a bayansa, a ƙirga kawuna.

Mutum biyu suka fito.
Ɗaya yayana ne, Barau, ciki ɗaya,
mai shagon taki a Gujungu.
Kwana bakwai yana rabon goro da sabulu,
ya ce zai kawo kwamfuta,
zai sa ƙofar ƙarfe da sunan garinmu a bisa, da koren fenti.
Aka yi ta tafi. Ni ma na yi.

Ɗayar kuwa Lantana ce, mai awara a bakin makaranta.
Shekara tara tana zaune a nan da kaskonta,
ta fi rajista sanin wanda ya zo
da wanda ya zille ya tafi kamun fara.
Ba ta raba ko tsinke ba.
Ƙullin leda ta kwance, ta zazzage a tabarma:
ƙusoshi ne, duk sun yi tsatsa.
Ta ce, "Na aji uku ne.
Na tsince su ranar da iska ta yaye kwanon,
damina biyu ke nan.
Kwamfutar a ina za mu ajiye ta, Barau?"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye.

Ta ce kwano tukuna.
Sai makewayi mai ƙyaure,
don 'yan aji shida gidana suke zuwa kama ruwa,
wadda ta ji kunya kuwa gida take wucewa, sai gobe.
Malamin lissafi da ba ma gani sai wata ya mutu,
ni da ƙafata zan je sakatariya a kansa.
Kuɗin da iyaye ke tarawa kuma
a rubuta a allo, da alli, a waje,
wanda bai iya karatu ba ɗansa ya karanta masa.
Ta zauna. Ko minti biyar ba ta yi ba.

Ni mai faci ne, na san inda taya ke yoyo
ba a shafa masa fenti.
Kuma Dije tawa a aji uku take.
Na sha shanya littafinta a kan dangar gidanmu,
shafi ya manne da shafi.

Da aka ce a yi layi, ƙafata ta nufi yayana,
ta san hanyar tun ina rarrafe.
Taku uku na yi na tsaya.
Na juya, na shiga bayan wata tsohuwa mai warin daddawa,
na kafa ido a ƙeyarta
don kar in ga idon da na san yana kaina.

Sittin da ɗaya. Hamsin da takwas.
Hedimasta ya sake ƙirgawa, haka ta fito.
Mata suka rangaɗa guɗa,
Lantana na durƙushe tana tattara ƙusoshinta.

Inna ta ce na zubar da nono.
Barau in ya gan ni, sai ya duba wayarsa,
facin babur ɗinsa ma Taura yake kaiwa yanzu.

Ran Juma'a da asuba amalanke ta sauke bandir ɗaya na kwano,
mai shanun ya ce an hana shi faɗin suna.
Na ga igiyar da aka ɗaure shi da ita,
irin ta bakin buhun taki ce. Na yi shiru.
Lantana ta ɗauki alli ta rubuta:
An samu ɗaya. Saura uku.

Hadari na haɗowa ta gabas,
ni kuma an ce in zo da guduma.